Kabarin da Aka Ara wa Vandi

Motar ta sauke mu a wani dandali da aka shimfiɗe da duwatsu, ta juya ta yi gaba, ta bar ni da Vandi tsaye da jakunkunanmu. Na duba gabas, na duba yamma. Coci ɗaya mai doguwar hasumiya, kantin magani, gidan burodi, mutum-mutumin wani soja da tattabaru suka ɓata wa hula, sai bencina babu kowa a kansu. Garin ke nan gaba ɗayansa. Ejan ɗin da ya kwashe gumin iyayenmu a Yola ya rantse mana cewa babban birnin Poland za mu, aikin ɗaure kaya a kwali cikin ɗaki mai ɗumi. Wannan gari kuwa, wallahi unguwarmu Lokuwa da ke Mubi ta fi shi mutane, ta fi shi rai. Ba zan rubuta sunansa ba. Harshena bai taɓa iya faɗinsa daidai ba, kuma akwai mutum ɗaya a cikinsa da ba na so a yi mata kuɗin goro da sauran.

"Hamma Buba, mutanen sun tafi ina?" in ji Vandi.

Na ce, "Yau Lahadi. Wataƙila suna coci."

"Dukansu? Har da masu keke napep?"

Haka yake, ko a bakin rami sai ya sa ka dariya. Vandi ɗan Betso ne, wani ƙauye kusa da Mubi, Kirista, ni kuma Musulmi, na ba shi shekaru masu ɗan dama. Shekarar da 'yan ta'adda suka tarwatsa Mubi kowa ya yi ta kansa, uwarsa ce ta buɗe wa innata da ƙannena ƙofa, ta ciyar da su, suka hau duwatsu tare har suka tsallaka Kamaru. Tun daga lokacin nake kiranta Mama, shi kuma yake kirana Hamma, wato yaya da Fillanci. Da za mu taho ba ta yi dogon jawabi ba, hannunsa kawai ta kama ta ɗora a nawa.

Abu na farko da ya fara ƙona min rai a garin nan shi ne rashin gaisuwa. Ni da na tashi inda ake tsayawa a tambayi gida, a tambayi gajiya, a tambayi shanu da yara, sai ga ni inda za ka haɗa kafaɗa da mutum ya wuce ka kamar ya wuce turken lantarki. Na gaida wani dattijo a bakin gidan burodi, ya ƙanƙame jakarsa ya sauya hanya. Tsabta kam suna da ita, ko bawon gyaɗa ba za ka tsinta a titi ba. Suna tsayawa jiran koriyar fitila ko da babu mota ko ɗaya a duk faɗin garin. Suna yi wa karnukansu sutura. Amma murmushi, sai ka ce da awo ake sayar musu da shi.

A kan turakun wuta akwai manyan sheƙuna na ƙirare, babu komai a ciki. Muka tambaya aka ce na wata irin shamuwa ce, fara, ta fi tamu girma, kuma da sanyi ya matso sai ta tashi ta tafi Afirka. Vandi ya daɗe yana kallon sheƙar, sannan ya ce, "Ka ga tsuntsu ya fi mu hankali. Shi ya tafi wajenmu, mu mun zo wajen shi. Kuma ba ejan da ya ci kuɗin shi."

Aikin ba na kwali ba ne. Kamfanin yanka kaji ne a bayan gari, ka wuce gonaki sannan ka iske shi, warinsa ne zai fara tarbar ka. Aka zuba mu a wani tsohon gidan gona, ƙarti jibge a ɗaki, gado kan gado. Wani da ake kira kodineta, ɗan ƙasar, mai jan wuya da agogo mai tsada, ya karɓe fasfo ɗinmu ya ce zai je ya yi mana takardun aiki. A gidan muka haɗu da Awudu, ɗan zangon Kumasi a Gana. Yana jin Hausa, ya daɗe a can har ya tsinci yarensu. Ranar da ya ji muna hira ya taso daga gadonsa ya rungume mu, har da ƙwalla. Shi ya koya mana yadda ake naɗe ƙafa da leda kafin a sa takalmin roba, shi ya nuna mana inda ake samun shinkafa mai araha.

Ni aka sa ni layin fiɗa. Vandi, don sun ga yana da ƙarfi, suka kai shi ɗakin ƙanƙara, inda ake jibge kajin da aka gama. Yaron da ya girma yana noma a ranar Betso ba riga, shi aka kulle a inda numfashinka ke daskarewa a gashin baki.

A hanyarmu ta zuwa aiki akwai wani ƙaramin gida mai koren ƙyaure. Kullum za ka ga wata tsohuwa a tagar, ta ɗora matashi ta kafa gwiwoyin hannu a kai, tana bin mu da ido. Ba ta murmushi, ba ta magana. Na tsane ta. Na sa mata suna Mai Gadi. Shi kuwa Vandi kullum sai ya ɗaga mata hannu ya ce da Hausa, "Mama, ina kwana?" Ko gira ba ta ɗagawa. Na ce masa ya daina zubar mana da mutunci, ya ce shi gaisuwarsa ba ta sayarwa ba ce, balle ya jira canji.

Da ganyaye suka fara zuba ya soma tari. Da farko muka ce mura ce. Muka dafa masa citta, muka shafa masa man zafi. Tarin ya sauka ƙirji, ya koma wani irin gurnani. Na sami kodineta na ce a kai yaron nan asibiti. Ya ce a jira takardu su fito, don in aka je yanzu za a yi tambayoyi, kowa zai shiga uku. Na koma, ya ce mako mai zuwa. Na sake komawa, ya miƙo min ƙwayoyin ciwon kai, ya ce in Vandi ya ƙara fashin aiki akwai masu jiran gadonsa. Yaron ya tashi ya koma ɗakin ƙanƙara yana riƙe bango. Daga baya na gane babu wata takarda da aka taɓa nema mana. Fasfo ɗinmu suna cikin durowar mutumin nan tun ranar da muka zo.

Wata Lahadi da rana jikinsa ya yi zafi kamar garwashi. Na ce bari in nemo magani mai ƙarfi. Na zagaye garin nan kaf a ƙafa. Kantin magani a rufe. Babban kanti a rufe. Ranar Lahadi doka ta hana su ciniki, ranar hutu ce, ranar Allah. Na ga iyalai sun fito daga coci sun yi ado, suna tura jarirai a keke, suna shan ayis kirim cikin wannan sanyi. Na tsaya gaban mutane ina nuna ƙirjina ina kwaikwayon tari, suna kauce min. A gidan mai na samu zuma da lemon tsami. Da na dawo na tarar da Awudu zaune a bakin ƙofa ya haɗa kai da gwiwa. Ina ganinsa na san rai ya yi halinsa. Na shiga na rufe wa Vandi ido, na ja bargo na lulluɓe shi.

Sai ga motar asibiti, da jiniya, da fitilu, da mutane cikin kaya masu ƙyalli. A lokacin babu wanda ya ce a jira takardu.

Mama ba ta da waya mai hoto. Ƙanwar Vandi, Kwanye, ita ke makaranta a Mubi, ita na kira. Ta hau mashin ta tafi Betso da wayar a hannu. Ba zan faɗi abin da na ji a wayar nan ba. Da kukan ya lafa Mama ta karɓa. Hausarta irin ta mutanen dutse ce, ba ta raba mace da namiji, kowa "shi" ne a bakinta. Ta ce, "Buba, kawo min shi gida."

Na ce, "To, Mama."

Zango na gaba shi ne ofishin masu ɗaukar ma'aikata. Ɗaki mai ɗumi, irin wanda ejan ya yi mana alkawari. Wata mata mai farin gashi ta ba mu kofi, ta yi fuskar tausayi, ta yi magana a hankali Awudu yana juya min. Ta ce kai gawa Najeriya abu ne mai tsada ƙwarai, kuma tun da Vandi ba ya cikin rajista, babu inshorar da za ta biya. Ta faɗi kuɗin. Ko an sayar da gonar Mama da awakinta da kwanon rufin ɗakinta ba za a kama ƙafarsa ba. Amma, in ji ta, kamfani yana da zuciya. Sai ta buɗe wani littafi mai hotuna ta turo min. Tukwane ne ƙanana, wasu na ƙarfe, wasu na katako, wani har da zanen fure. Ta ce in zaɓa.

Na dubi Awudu. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Ɗan'uwa, ƙona shi za su yi. Su zuba tokar a ciki, su aika gida kamar saƙo."

Ban san lokacin da na miƙe ba. Kofin ya kife a kan littafin. Na zage ta da Hausa, na zage ta da Fillanci, na haɗa da ɗan Turancin da nake da shi. Na ce kun daskarar da shi yana da rai, yanzu kuma za ku gasa shi ya mutu? Kaza ce shi? Awudu ya riƙe ni ta baya. Matar ta goge teburinta da tsumma, ta ce ta fahimci baƙin cikina. Wannan kalma ta fi komai ƙona ni. Ta ƙara da cewa ɗakin ajiye gawa ba zai riƙe shi har abada ba. In ban kawo wurin binnewa ba kafin ƙarshen mako mai zuwa, hukuma za ta yi abin da ta saba yi wa marasa kowa.

Dole na faɗa wa Mama. Ta saurara har na gama. Sannan ta ce, "Wuta? Yaro na ya yi sata ne? Ya kashe mutum?" Na ce a'a, haka al'adarsu take ga wanda ba shi da wuri. Ta ce, "Buba, ji ni da kyau. In ba ka iya kawo shi ba, na haƙura. Amma ka sa shi a ƙasa. Ƙasa duka na Allah ne. Kada ka bari su taɓa shi da wuta. In sun ƙona shi, ni da kai ba magana har na mutu."

Na je ofishin hukumar gari. Suka kai ni suka nuna min wani bango mai ƙananan ramuka jere, kamar akurkin tattabaru, suka ce nan ake sa tukwanen waɗanda ba su da hali. Na je gidan fada, wato limamin cocin garin. Fadan dattijo ne mai taushin murya, ya ba mu kujera. Ya ce maƙabartar garin ta cocinsu ce, ta cika, kowane taku yana da mai shi, iyalai sun biya tun shekaru. Ya kuma tambaya ko mamacin ɗan Katolika ne. Na ce Kirista ne, yana rera waƙa a coci tun yana yaro, Littafinsa na nan ƙarƙashin matashinsa. Ya ce ai da bambanci. Ni Musulmi na tsaya ina roƙon malamin Kirista ya karɓi gawar Kirista, yana karanto min bambanci. Na fito ina huci.

A hanyar komawa na bi ta maƙabartar, na leƙa ta shinge. Sai na ga wani fili a gefe, ciyawa ce kawai, babu dutse, babu alama, zai ɗauki mutum goma. Zuciyata ta ce, ga wuri, ƙarya suke yi. A Mubi wa yake sayen kabari? In aka yi rasuwa, samari ne za su ɗauko diga da shebur, wanda ya ji ya zo, a tona, a sa mutum, a yi addu'a. Na tona wa Musulmi, na taya an tona wa Kirista, ban taɓa ganin an tambayi izinin wani ofis ba. Na yanke a raina cewa in suka ga rami a tone, kunya ma za ta hana su ƙin sa gawa a ciki. Har yau ina mamakin yadda na zaci kunya irin tamu tana aiki a can.

Awudu ya ce, "Buba, nan ba gida ba ne. Za su kama mu."

Na ce, "Ka zauna, ban ce dole ba."

Ya yi tsaki, ya ɗauko shebur ɗin kwasar gawayi na gidan, ni na ɗauki na lambu, muka fita da hantsi.

Ashe mun faɗa cikin makon da suke shirin bikin matattu. A farkon watan Nuwamba duk ƙasar kan fita maƙabarta, kowa ya kunna fitila a kan nasa. Wurin ya cika da tsofaffin mata da bokitai da burushi, suna wanke duwatsun kaburbura da sabulu, suna jera furanni masu ruwan ɗorawa da fitilun gilashi ja. Gaskiya abin da kyau, ban taɓa ganin maƙabarta mai kyan wannan ba, kuma kyan nata ya ƙara min haushi. Mutanen da ba za su amsa gaisuwar mai rai ba, ga su durƙushe suna goge wa dutse fuska.

Na cire rigar sanyi, na yi bismillah, na kafa shebur. Ƙasar baƙa ce, mai laushi, ko diga ba ta buƙata. Mun kai gwiwa kafin ihun ya fara. Wata ta yar da bokitinta. Wani ya zo yana nuna mu da sanda yana kumfar baki. Wayoyi suka fito, ana ɗaukar mu hoto. Ban ɗaga kai ba, tona nake yi, hawaye da majina suna zuba cikin ramin. Sai da na ga takalman 'yan sanda a bakin ramin sannan na tsaya.

Su biyu ne, yara, ba su wuce sa'ar Vandi ba. Suka karɓe shebur, suka ce mu fito, suka ce takardu. Babu. Suka rubuta sunayenmu, kuma rubutun nan ne ya dawo da ni Mubi bayan 'yan watanni, amma wannan wani zance ne. Ɗayan ya ciro ankwa. Jama'a sun kewaye mu, kowa na faɗin albarkacin bakinsa, Awudu ya ƙi juya min abin da suke cewa.

Sai wata gajeriyar tsohuwa ta ratso taron, burushi a hannu, ɗankwali ɗaure a haɓa. Na gane ta nan take. Mai Gadi ce. Na ce a raina, to, ga shugabar 'yan kallo ta iso. Ta tsaya gaban Awudu ta jefa masa tambaya da wata murya kamar ta mai faɗa. Ya amsa. Ta sake tambaya. Ya juyo ya ce min, "Wai wa ya mutu? Wai ko mai ɗaga hannun nan ne?"

Na gyaɗa kai.

Ta daɗe tana kallon ramin. Ta ce kwana da kwanaki tana ganin mutum ɗaya yana wucewa maimakon biyu, ta zaci an sauya masa aiki. Awudu ya faɗa mata sauran, da maganar tukwane, da saƙon uwarsa. Ban ga fuskarta ta canza ba. Ta juya kan 'yan sandan ta balbale su da faɗa, har wanda ya ciro ankwa ya mayar da ita aljihu. Daga baya na ji cewa ita ta koyar da iyayensu mata a firamare. Sunanta Pani Halina. Pani a wurinsu kamar mu ce Malama ne ko Hajiya.

Ta kama hannun rigata ta ja ni, kamar yadda ake jan yaro mai ƙiuya. Muka ratsa tsakanin kaburbura har gaban wani baƙin dutse mai faɗi, da sauran kumfar sabulu a jikinsa. Sunaye biyu ne a kai. Na hagu na mijinta ne, da shekarar haihuwa da ta mutuwa. Na dama nata ne, an sassaƙa shi tsaf, da shekarar haihuwa, sai fili a gaba ana jira. Haka suke yi a can. Miji da mata su sayi wuri ɗaya mai ɗaukar mutum biyu, in ɗaya ya riga, ɗayan ya riƙa zuwa yana wanke sunansa da hannunsa. Ta buga ƙasan ɓangaren dama da burushinta ta yi magana gajeriya.

Awudu ya ce, "Ta ce a sa shi nan."

Na ce, "Ka faɗa mata ban zo wasa ba."

Ya sake tambayar ta. Ta harare ni, ta maimaita da ƙarfi, ta ƙara wani abu. Awudu ya ce, "Ta ce wurinta ne, ita ta biya, wanda ta ga dama za ta sa. Kuma wai ka je ka cike ramin da ka tona, bututun ruwa ne ya bi ta wajen, saura kaɗan ka fasa musu."

Na durƙusa a kan tsakuwa, na rasa da wane yare zan yi godiya. Ita kuwa ta ci gaba da goge dutsenta.

Kada wani ya zaci daga nan komai ya zo da sauƙi. Fada ya ce sai ya yi nazari. Ta je ta zauna masa a falo da sandarta, ta ce ba ta tashi sai ya gama nazarin. Ɗanta da ke aiki a Ingila ya kira yana faɗa har ina jiyo muryarsa daga inda nake tsaye, ta ajiye wayar a kan tebur ta bar shi yana yi shi kaɗai. Ta sa na raka ta ofishin matar nan mai kofi. Ban san abin da ta faɗa musu ba, na dai ji ta ambaci ɗakin ƙanƙara da kalmar da Awudu ya ce tana nufin jarida. Kafin mu fito sun yarda za su sayi akwati su biya masu binnewa. Duk wannan zirga-zirga ko sau ɗaya ba ta yi min murmushi ba. Ta dai ba ni miyar kabeji a kicin ɗinta, ta tsaya a kaina sai da na shanye.

Bayan bikinsu da 'yan kwanaki aka yi jana'izar, fitilun gilashin nan ba su gama mutuwa ba. Ba su bar ni na tona ba, wasu ƙarti ne cikin baƙaƙen kaya suka ɗaga dutsen suka yi aikin. Mu kaɗan ne. Ni, Awudu, wasu 'yan ɗakinmu da suka yi kasadar fashin aiki, Pani Halina da ƙawayenta biyu da suka zo ganin ƙwaƙwaf. Kodineta ya iso da furen roba, ya miƙo min hannu. Na bar hannun a iska har ya gaji ya mayar aljihu. Da ba don gawa na gabana ba, da ranar sai an raba mu.

Na kira Kwanye na ɗaga wayar sama. A can Betso an cika tsakar gidan Mama, ana zaune a tabarmi ƙarƙashin bishiya, rana tana haska su. Fastonsu ya yi addu'a ta waya, mata suka ɗauki waƙa da yarensu, muryar tana yankewa tana dawowa. Aka saukar da akwatin. Na ƙwace shebur daga hannun ɗaya daga cikin ƙartin, ya so ya yi gardama ya dubi idona ya fasa. Na juya wayar yadda Mama za ta gani, na zuba ƙasa.

"Mama, kin gani? Ƙasa ce."

"Na gani, Buba. Na gani. Allah ya yi maka albarka."

Na zaci an gama. Sai ta ce in nuna mata matar. Na kai wayar gaban Pani Halina. Tsofaffin nan biyu suka kalli juna, babu mai jin yaren wani. Mama ta tafa hannu a hankali irin na godiyar mutanen dutse, Pani Halina ta gyaɗa kai sau ɗaya. Kwanye ta hango dutsen da aka jingine a gefe, ta karanta wa uwarta sunayen, ta yi mata bayanin filin da aka bari. Sai na ji Mama ta ce, "Buba, tambaye shi. Wuri na mutum biyu ne. Yaro na ya shiga. Shi matan, in ya mutu, zai kwanta ina?"

Wallahi tambayar nan ba ta taɓa zuwa kaina ba. Na faɗa wa Awudu, ya juya mata. Pani Halina ta ɗaga kafaɗa, ta amsa tana gyara ɗankwalinta. Awudu bai juya min ba. Na ce ya faɗa min. Ya ce, "Bari kawai." Na daka masa tsawa.

Ya ce, "Dokarsu ba ta yarda a buɗe wurin a sa wani akwati ba sai bayan shekaru masu yawa, ita kuma ta ce ba za ta kai ba. Ta ce tukunya ƙarama ce, za ta shiga a kusurwa wajen kan mijinta." Ya ƙara da cewa, "Ƙona ta za a yi, Buba. Ta ce duk rayuwarta tana tsoron abin, shi ya sa suka sayi wurin tun da ƙuruciya. Amma wai ita ba ta da uwar da za a je a faɗa wa."

Na dubi ramin da ya kusa cika. Na dubi kodineta yana duba agogonsa. Garin nan da gonakinsa, da dazukansa, da filayen da ido ba ya kai ƙarshensu, a ce babu taku shida na yaron da ya mutu yana yi musu aiki, sai tsohuwa ta ba da jikinta ga wuta. Na ji kamar in kurma ihu har hasumiyar cocin ta tsage. Mama tana ta kira ta cikin wayar.

"Buba? Me ya ce? Buba!"

Na faɗa mata yadda aka faɗa min, ban rage komai ba.

Waƙar da ake yi a tsakar gidan ta tsaya. Mama ta matso da fuskarta har ta cika wayar. Ta daɗe tana kallon Pani Halina, sannan ta ce, "Faɗa mishi. Bayan ɗaki na akwai wuri, na Vandi ne, yanzu ba kowa. In ranan shi ya zo, kada su taɓa shi da wuta. Ka kawo min shi Betso, ni zan tona da hannu na. Ka ji ni, Buba?"

Ni da na kasa kai mata ɗan da ta haifa, na ce, "To, Mama."